Gara Ta Riga Mu

Shekara goma sha tara makulli na ƙuguna
a sakandaren Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa.
In buɗe ƙarfe goma, in rufe kafin azahar.
Duk wanda ya shigo, idona na kan hannunsa
kamar mai tsire ya ga yaro a gefen tukuba.

Ran nan shugabar makaranta ta ce, "Malam Tanimu,
yara bakwai za su riƙa zama da kai duk Laraba,
su ba ka shawara."
Na ce to. A raina kuwa na ce:
yaushe ƙwai ya fara koya wa kaza kwanci?

Suka jawo benci guda suka zauna a matse.
Rifkatu ce magatakarda, biro a bayan kunne.
Jafaru bai ko gama gaisuwa ba ya ce,
"Malam, ƙarfe goma muna ajin lissafi,
in an tashe mu kuma ka rufe.
Wa kake buɗe wa ƙofar? Ƙadangaru?"
Suka yi dariya. Ni ban yi ba,
amma maganar ta bi ni gida kamar tsakuwa a takalmi.

Kande ta yi magana idonta na ƙasa:
"Littafinku ɗaya na gidanmu tun daminar bara.
Na makara kwana uku, tara ta hau,
na ji tsoro na ƙara kwana,
yau ta fi kuɗin motata na wata biyu."
Suka ce a soke tarar kuɗi.
Wanda ya makara a ba shi zare da allura
ya ɗinke littafi guda da ya yage.
Aka ɗaga hannu, shida da biyu.
Ina cikin biyun.

Sai Dogara, ɗan aji ɗaya, wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa,
ya nuna kabad ɗin da ke lungu.
"Mene ne a ciki?"
Na ce, "Manyan littattafai, ba na aro ba ne.
Na adana muku su."
Ya ce, "Mu? Ai ga mu."

Kwaɗon ya ƙi, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa.
Bangwayen na tsaye a jere, ruwan zinarensu bai dusashe ba.
Na zaro na farko, ya zube a tafina, jar ƙasa.
Littafin taswira, an cinye teku an bar gefe.
Ƙamus ya zama unguwa, da tituna, da rumbuna.
Can kuwa a kanta, waɗanda suka sha hannu,
masu tabon manja, masu lanƙwasasshen kunne,
ko ɗaya ba a taɓa ba.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon.
Rifkatu ta zaro bironta. "Me zan rubuta, Malam?"
Na ce, "Rubuta: gara ta riga mu karantawa."

Yanzu makulli uku ne, ɗaya na wuyan Jafaru.
Ana buɗewa har biyar, ko hadari ya haɗo daga Kudenda.
Akwai surutu, ban ɓoye ba.
Littafi tara sun ɓata a zangon nan, na ƙirga, na yi faɗa.
Har yau ban yarda da kantar da suka ware wa labaran ƙwallo ba,
sai dai ƙuri'ata ɗaya ce, kamar ta Dogara.

Da safen nan Kande ta ajiye littafin a tebur,
ɗinke da baƙin zare, irin na kitso.
Ta ce innarta ta sa an karanta mata shi sau biyu,
tana tambaya ko akwai na biyunsa.
Na duba, babu.
Na ce ta kawo maganar ran Laraba.